Alwala Ɗaya Daga Sabha Zuwa Maraɗi

Yaya aka yi hanyar da ta ci mana kwana ashirin da bakwai, ta ci mutum guda daga cikin motarmu, ni na yanke ta da alwala ɗaya? Na tambayi malamai, na tambayi masu boko. Sun ce awa huɗu ce ta sama, wai jirgi ba ya kwana-kwana, miƙewa yake yi. Duk na ji, amma ban gamsu ba. In kusa ne, me ya hana babanku isowa? In kuwa nesa ne, ni yaya aka yi na iso?

Rubuta, Saude. Ke kika yi lakol kika san boko, ni ko sunana ban iya ganewa a takarda. In kin ga na yi shiru ki jira ni, kada ki ce in daina kuka, na gaji da a ce in daina. Sunan babanku kuwa ki sa da kanki. Bakina bai taɓa faɗinsa ba, ba yau zai fara ba.

Shekarar babban fari na biyu ce. Da can in gero ya ƙi, kudu muke gangarawa wajen dangi a ƙasar Katsina, tunda can kakanninmu suka fito. Wannan shekara an rufe iyaka, ba shiga ba fita. Sai maza suka juya arewa, ana ta faɗin akwai aikin lambu a Libiya. Babanku ya ce in bi shi, wai ana neman mata masu dafa wa ma'aikata. Muka bar ki da yayanki wajen Iya, uwar babanku, a ƙauyenmu can gabas da Agiye, da ɗan abin da ya rage a rumbu. Shekararki huɗu.

Kwana huɗu muka yi kafin Agadas, ta Tasawa da Damagaram. Ban riƙe komai na wannan hanya ba sai mushen shanu gefe da gefe, har ungulu ta ƙoshi ta daina tashi in mota ta zo.

A tashar Agadas muka kwana shida muna jiran babbar mota ta cika. Nan muka gamu da Ja'e, wani Bafillace daga wajen Cadakori, dogo, da sanda a kafaɗa ba ko dabba ɗaya a bayansa. Garkensa duk ya mutu. Ranar farko ya dubi babanku yana gyara ƙullin kayanmu ya ce, "Kaɗo, ina za ka da tukunya? Can ma ƙasa za ka dafa?" Babanku ya ce gara mai tukunya da Bafillacen da ko akuya ba shi da ita. Na zaci za a yi faɗa. Sai Ja'e ya yi dariya har ya zauna, dariyar ta koma wani abu dabam, ya rufe fuska da rawani. Babanku ya miƙa masa goro. Daga ranar ba su rabu ba.

Direban da ya ɗauke mu ya karɓi kuɗin mota har Sabha, ya rantse da Alƙur'ani. Aka ɗora mu bisa kaya, mu fi hamsin, kowa da jarkar ruwansa ɗaure a jikin mota an rubuta alama. Ni da wata mata kaɗai ne mata. In mota ta kafe a rairayi sai kowa ya sauka, a shimfiɗa mata ƙarafa a tura. Tun ina ƙirga sau nawa har na bari. Ba itace, ba tsuntsu, ba inda mace za ta kewaya ta ɓuya, sai babanku ya tsaya ya ware babbar rigarsa ya juya baya. Rana ta huɗu wani dattijo, mutumin Gidan Sori, ya jingina da buhu bai ƙara motsi ba. Da taimama aka yi masa salla. Ramin ma da hannu da murfin tukunyata aka tona shi. Direba yana ta danna oda.

Da muka isa Dirku bayan kwana biyar, ya ce kowa ya sauka za a duba inji. Muka sauka. Ya tafi duba inji har yau.

Kwana bakwai muka yi a Dirku. Guzurinmu ya ƙare a na uku. Wata tsohuwa Batuba, baƙa siririya, ta gan ni ina tsintar ƙwallayen dabino da mutane suka yar, ina fasawa. Ba ta jin Hausa, ban jin nata. Ta kama hannuna ta kai ni bukkarta, ta nuna mini turmi da wani ɗan sha'ir. Na daka mata, ta raba biyu ta ba ni rabi. Kullum haka har muka tashi. Ranar tafiya ta ƙulla mini dabino a bakin mayafi, ta taɓa ƙirjina ta ɗaga yatsu tana tambayar 'ya'ya nawa. Na ɗaga biyu. Ta ƙara dabino biyu a ƙullin. Ban san sunanta ba. Ki rubuta ta dai, tsohuwar Dirku.

Babanku da Ja'e suka yi dakon gishiri har wani mai mota ya yarda ya ɗauke mu. Kwana biyar kuma, sannan Sabha. Ashirin da bakwai ke nan, ki lissafa ki gani.

Gonar da muka samu aiki tana bayan gari, ta wani tsohon Balarabe ce. Alkama da albasa da ciyawar dabbobi, kore shar a tsakiyar rairayi. Inji ke jawo ruwa daga ƙasa, yana fita ta bututu mai kaurin cinya, ba ya tsayawa. Ranar da babanku ya fara ganinsa ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce da wannan na yini ɗaya kawai aka zuba a gonarmu, da ba mu zo ba. Shi yana ban ruwa, Ja'e yana kiwon tumakin mai gona yana zaginsu da Fillanci wai ba su da tarbiyya, ni ina dafa wa mutum goma sha wani abu taliya da miyar tumatir. Mai gonar ba mugu ba ne. Hajja yake kirana, alhali ko hanyar Makka ban sani ba. Amma abincin ba ya wuce mini. In na kai loma baki sai in ga kamar ke ce tsaye kina kallona.

Mun kusa wata shida sai wani mutumin Gazawa ya iso da kaset. Lokacin haka ake aike, tunda ba mu da karatu: a sami mai rediyo, a yi magana a ciki, a ba matafiyi. Muka zauna ƙarƙashin dabino da tsakar rana, Ja'e ya sa a rediyonsa. Muryar Iya ce. Ta gaida mu, ta gaida mai gidan da muke wa aiki, ta yi godiya ga Allah. Sannan ta ce rumbu ya ƙare tun tuni. Ta ce 'ya'yan anza na daji suke jiƙawa kwana uku ɗacin ya fita su ci, ita ma yanzu sai an yi nisa ake samu. Ta ce yayanki yana iya fita, amma ke ƙafafunki sun kumbura, gashinki ya yi ja. Sai muka ji tana cewa, "Yi magana, ga uwarki nan ciki." Ba ki yi ba. Numfashinki kawai na ji, da wani ɗan tari.

Babanku ya tambayi mutumin yaushe aka ɗauki maganar. Ya ce ya kai kwana arba'in, don shi ma ya sha zama a hanya. Kin ji abin da ya kashe mini jiki. Abin da muke ji ya riga ya tsufa. In mun tashi a ranar, wata guda ne kafin mu isa, in mota ta yi kirki. Babanku ya ce a mayar da kaset ɗin baya. Sau uku yana sauraron tarin nan.

Washegari ya je wajen mai gona, da wani mai jin Larabci. Tsohon ya saurara, ya shafa gemu, ya ce akwai wata hanya. Surukinsa ɗan kasuwa ne, ya ji labarin raguna sun faɗi warwas a Maraɗi saboda fari, ya yi shatar jirgin kaya zai riƙa zuwa duk Alhamis yana kwasowa, ga azumi ya matso. Jirgin zai tashi jibi. Ya ce zai roƙa mana wuri, mu biyu. Abin da muka tara kuma babanku ya mayar da shi abinci: buhun garin alkama, kwalin madarar gari, da galan ɗin mai.

Da aka ce mana awa huɗu ne, babanku ya yi dariya, ya ce mai fassara bai iya ba, a sake tambaya ko kwana huɗu ake nufi. Aka ce awa. Ya ce to ashe Maraɗi nan bayan gari take, wahalar banza muka sha.

Ranar Alhamis da hantsi Ja'e ya rako mu filin jirgi, shi ya ɗauko buhun. Na yi alwala a wani famfo bakin shinge don ban san inda azahar za ta same ni ba. Jirgin ba irin na alhazai ba ne, wani mai ƙaton ciki ne da fanka a fukafukai, bayansa a buɗe. An riga an cika shi da darduma da katan-katan na shayi da taliya da gangunan mai na dawowa. Bakin ƙofa ga sikeli, ga wani ma'aikaci da takarda. Duk abin da zai shiga sai an auna, har mutum.

Kin san kafin fari babanku dako yake yi a ma'aunar gyaɗa ta Agiye duk kaka. Ya san sikeli kamar tafin hannunsa, in ya ɗaga buhu zai gaya miki nauyinsa kafin allura ta tsaya. Aka auna ni, aka auna shi, aka auna kayan. Ma'aikacin ya duba takarda ya girgiza kai. Ya ce abin da ya rage bai ɗaukar duka: ko mutum biyu ba kaya, ko mutum ɗaya da kaya. Muka roƙa. Ya ce ba mota ba ce da za a ɗora wani a kan wani, in nauyi ya wuce kowa zai mutu. Ba da faɗa ya faɗa ba.

Babanku ya sake hawa sikelin ya dubi allura. Ya sauka ya ɗora buhu da kwali da galan, ya duba. Wuri ɗaya ta tsaya.

Ja'e ya ce, "Kaɗo, ashe duk cika bakin nan, buhu ɗaya ne kai da ɗan kwali."

Babanku ya ce, "Buhun ya fi ni amfani yau."

Na ce mu bar kayan mu tafi mu biyu, Allah zai ba mu a can. Ya ce in can akwai abin samu me ya kawo mu nan? Mu isa hannu wofi mu zauna mu biyar muna kallon juna? Na ce to shi ya tafi da kayan, ni in jira. Ya ce yarinya mara lafiya uwarta take nema, shi ko wuta bai iya hurawa ba. Sannan ya ce abin da har yau nake juyawa. Ya ce jirgin nan ai kamar motar kasuwar Agiye ne, in wannan ta cika sai ka bi ta gaba. Yau ya je, gobe ya dawo, Alhamis mai zuwa ya sake tashi. Kwana bakwai ne kawai. Ya tambayi ma'aikacin ko za a ajiye masa wuri, ya ce in sha Allahu.

Ja'e ne kaɗai bai yi na'am ba. Ya daina wasa ya ce shi fa ya baro dabbobin ƙasar nan da idonsa, tun wata shida da suka wuce fata ce da ƙashi. Ya ce wane rago Balaraben zai samu da har zai koma sau biyu? Babanku ya ce kai don naka sun mutu kake ganin na kowa sun mutu. Ja'e ya juya yana gyara ɗaurin buhun. Ni kuwa na yi shiru, don zuciyata tana wajenki. Wannan shirun nawa shi ne ban yafe wa kaina ba. Tsaya kaɗan.

To. Rubuta.

Aka zaunar da ni kan ɗaurin darduma, aka ɗaure ni da igiya mai faɗi kamar kaya. Mu shida ne fasinja. Ƙara ta cika mini kai, kunnuwana suka toshe, na rufe ido ina salati. Da aka jima wani daga cikin ma'aikatan, mai jin Hausa kaɗan-kaɗan, ya kwance ni ya kai ni wata 'yar taga ya ce in duba. Na duba. Ƙasa ce ja-ja, lumui, kamar an baza gari a tabarma. Na nemi hanyar da muka bi, ban ga ko zare ba. Na tambaye shi ina Dirku. Ya dubi agogonsa ya ce mun wuce ta. Kwana bakwai ɗina, da tsohuwata, da kabarin mutumin Gidan Sori, duk mun wuce su ina rufe da ido. Ya ba ni ruwa a kofin roba, ban iya sha ba.

Da aka buɗe ƙofa sai na ji ana Hausa. Wani jandarma ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah, daga ina?" Na ce nan ina ne? Ya ce Maraɗi. Ban yarda ba sai da na ga itatuwan bedi a bakin shinge da mata masu tallar ƙuli-ƙuli. Ana kiran azahar. Na shimfiɗa mayafi na yi salla da alwalar famfon Sabha. Jandarman ya dubi buhun, ya dube ni, ya kira mai amalanke ya ce a kai ni tasha.

Daga Maraɗi zuwa Agiye, nan da nan ɗin da kike zuwa ki dawo a yini, sai da na kwana biyu, don babu man mota. Zaune nake bisa buhun, ban tashi ko don fitsari sai na ja shi. Mutane suna kallonsa, ni ma na san irin kallon. Daga Agiye wani mai raƙumi ya kai ni gida, na ba shi gari cikin ƙwarya.

Na same ku da rai. Yayanki ya gan ni ya gudu bayan rumbu, bai gane ni ba. Ke kina kwance a ɗakin Iya, na ɗauke ki kamar na ɗauki zane. Iya ta kasa tashi. Ta dubi bayana, ta dubi ƙofa, ta ce, "Shi fa?" Na ce yana tafe, jirgin Alhamis.

Buhun nan ya kai mu har aka fara rabon taimako. Kumburin ya sauka. Ranar da kika fara kuka da ƙarfi kina neman ƙari, Iya ta ce yanzu ta san kin tashi.

Alhamis uku ina zuwa Maraɗi ina tsayawa bakin shingen filin jirgi daga hantsi har la'asar. Ta ukun wani mai gadi ya ji tausayina ya tambaye ni wa nake jira. Ya ce ai jirgin Larabawan nan tun zuwan farko aka gama. Mai shi ya zaga kasuwar dabbobi, ya ga raguna ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, wasu ma sai an ɗaga su suke tsayawa. Ya ɗebi 'yan abin da ya samu ya tafi, ya ce ba riba. Na ce to wani jirgin fa? Ya ce babu jirgin da ke bin hanyar nan, dama ba hanyar jirgi ba ce.

Ruwa ya sauka a shekarar, mai kyau. Ni da yayanki muka shuka gonar da irin da aka raba. Duk motar da ta tsaya bakin hanya sai na miƙe daga noma.

Bayan an yi girbi Ja'e ya zo. Daga nesa na gane tafiyarsa, na kuma ga shi kaɗai ne. Ya tsaya ƙofar gida ya yi sallama, ya ƙi shigowa, ya tsuguna nan. Ya ce babanku ya je filin jirgi Alhamis bakwai. Da ya ga damina za ta shiga ya ce ba zai bar mu da gona mu kaɗai ba, zai bi ƙasa. Ja'e ya ce a bari zafi ya wuce, ya ƙi, sai ya biyo shi. Kwana biyu bayan Dirku motarsu ta mutu, suka kwana tara a wurin. Ya ce mutum goma sha ɗaya suka binne, babanku ne na takwas. Ya miƙo mini hularsa. Bai ce Kaɗo ba ko sau ɗaya, Malam yake cewa.

Na tambaye shi ko zai gane wurin. Ya ce ko gobe ya koma ba zai gane ba, rairayi ba ya zama wuri ɗaya. Iya ba ta kai wata kaka ba.

Kin sha tambayata ko babanku ya bar miki wata magana, ina cewa babu. Akwai, ban dai iya faɗi ba ne, don ina ganin in na faɗa ta ƙare. Ba wata babbar magana ba ce. Bai ce in yafe masa ba, bai ce sai mun sadu ba, shi a ganinsa kwana bakwai ne. Mun riga mun yi sallama, na hau, an kunna fankokin, ana shirin ɗaga ƙofar baya. Sai na gan shi ya dawo da gudu yana riƙe da hula kada iska ta ɗauke, ma'aikacin yana daka masa tsawa. Ya kama bakin ƙofar ya miƙo wuya, na sunkuya na kai kunne. Ya ce:

"Kada ki yi musu tuwo ranar farko. Kunu za ki dama, mai ruwa-ruwa, ki ba su kaɗan-kaɗan. Cikinsu ya manta abinci. Ki fara da ƙaramar."